Kason Mai Ƙasa

Ranar da manaja ya tara ma'aikatan kamfanin kwano na Sharaɗa a gaban sito ya ce musu bana za a kai su shaƙatawa, ko mutum ɗaya bai tafa ba. Su dai abin da suka sani, in aka tara su a gaban sito, to ko dai za a rage ma'aikata ne, ko kuma an kama wani da langa a cikin wando. Sai da Luka, sakataren ƙungiyar ƙwadago, mutumin kudancin Zariya, ya hau kan akwati ya warware musu zancen.

"Ranar Asabar, ɗaya ga watan Mayu, hutun ma'aikata ne. Kamfani ya ɗauki bas biyu. Za a kai mu bakin dam mu ci shinkafa, mu sha lemo, mu buga ƙwallo, mu dawo. Kowa ya zo da mutum ɗaya daga gidansa."

"To can ɗin wane aiki za mu yi?" in ji wani dattijo daga sashen murhu.

"Babu aiki, Baba. Hutawa za a yi."

"Hutawar ce sai an kai mutum mil arba'in?"

Manaja ya ƙara da cewa wurin na gwamnati ne, yana da dokoki, kuma duk wanda ya karya ɗaya ya jawo wa kamfani abin kunya, to kada ya wahalar da kansa zuwa aiki ranar Litinin. Wannan kam kowa ya fahimta, sai hankula suka kwanta.

Isyaku na tsaye a baya da jan alli a bayan kunnensa. Aikinsa ke nan shekara takwas: yana ƙarshen layi, kwanuka na fitowa daga murhu suna wucewa ta gabansa, duk wanda fentinsa ya ɓantare ko bakinsa ya karkace sai ya zarga masa jan alli, a mayar da shi a murƙushe. Mutum ne da ba a taɓa jin kansa da kowa ba. Amma da aka ce dam, sai da gabansa ya faɗi, domin garinsu, Kwarin Dabo, yana kwance a ƙarƙashin ruwan nan da masallacinsa da rijiyoyinsa da kabarin ubansa. Abu ɗaya ne ruwa bai ci ba, shi ne kuma ya hana gidansu sakat: ɗorawar mahaifiyarsa, Inna Uwani.

Da aka raba gadon mahaifinta, 'yan'uwanta maza suka ɗauki gonar kan tudu, ita aka ba ta ɗorawar da ke tsakiyar gonar. A Kwarin Dabo wannan ba baƙon abu ba ne, gona daban, itace daban. Daga baya 'yan'uwan suka sayar da gonar, ɗorawa tana nan ta Uwani. Al'adar garin ita ce duk shekara in mai itace ya kaɗe, sai ya ware kashi ɗaya cikin goma ya kai wa mai gona saboda inuwar da ta danne masa shuka. Shi ake kira kason mai ƙasa. Duk mai gonar da ya miƙa hannu ya karɓa a gaban shaidu, ya yarda ke nan itacen ba nasa ba ne, ko reshe ba zai sare ba sai ya tambaya. Da ɗorawar nan Uwani ta riƙe 'ya'yanta bayan mijinta ya rasu. Garin ta dama musu, kalwar ta yi daddawa ta sayar, ɓawon ta jiƙa makuba ta daɓe ɗaki.

Da dam ya zo, aka biya masu gonaki diyya, aka zagaye tudun da waya, aka ce ya zama wurin shaƙatawa. Babu wanda ya tambayi mai ɗorawa. Shekara biyu bayan sun dawo birni ta ɗauki gora da buhu ta hau mota ta je. Maigadin lokacin ya ce, "Shaƙatawa kika zo?" Ta ce, "A'a, ɗorawata na zo kaɗewa." Ya ce to ba hanya. Da ta ce eh, da ta shiga, amma Inna Uwani ba ta iya ƙarya ba ko ta fita kunya. Isyaku ya sa mai rubuta wasiƙa na bakin gidan waya ya rubuta wa hukumar dam. Bayan wata bakwai amsa ta zo, layi uku, cewa ƙasar da duk abin da ke tsaye a kanta na gwamnati ne. Tun daga nan duk bazara, in ɗorawa ta shigo kasuwa, sai Inna ta daina cin abinci sosai. Ya sayo mata, ta ce, "Ni ba ɗorawa nake nema ba, kai wannan. A ce tawa ce, shi ke nan."

Kai wannan take ce masa, don ɗan fari ne, tun da ta haife shi bai taɓa jin sunansa a bakinta ba.

Kafin ya isa gida a Ja'en labari ya riga shi. Matarsa Ladidi har ta ciro atamfarta ta salla ta kai wa mai guga. Ya zauna ya ci tuwo yana ta juya yadda zai fara, sai ita da kanta ta dube shi ta ce, "Na gani a fuskarka. Tafi da Inna. Ni dama ruwa tsoro yake ba ni." Ƙarya take yi, shi ma ya sani, kuma ya ji daɗinta har cikin ransa.

Ya samu Inna a ƙofar ɗakinta ya ce, "Inna, gani kawai za mu je yi. In aka tambaya, shaƙatawa muka zo. Wurin yana da doka, manaja kuma ya ce wanda ya karya a bakin aikinsa."

"Na ji."

"Ba gora, ba buhu."

"Na ce na ji."

Ranar Asabar da safe ta fito da buhun a ninke a hammata. Ta ce na zama ne, ƙafafunta ba sa son siminti.

A ƙofar wurin wani maigadi cikin kaki ya hawo bas yana leƙa ƙarƙashin kujeru ko wani ya zo da taru ko gatari ko akuya. Yana zuwa kujera ta uku ya tsaya cak. Gwadabe ne, ɗan mutumin da ya sayi gonar kan tudu. Shekara da shekaru a zauren ubansa Inna take sauke kason mai ƙasa.

Ya rusuna ya ce, "Inna Uwani, kun zo lafiya?"

"Gwadabe, kai ne ka zama soja?"

"Gadi ne, Inna." Ya miƙe ya gyara hula, ya tambayi motar gaba ɗaya kamar yadda aka umarce shi, "Shaƙatawa kuka zo?" Kowa ya ce eh, ban da ita. Ya saurara kaɗan ya ce, "Inna, ku fa?"

Isyaku ya juyo yana kallonta. Inna ta nuna shi da haɓa ta ce, "Wannan ne ya kawo ni." Gwadabe ya ce ya isa, ya sauka da sauri ya buɗe ƙofa.

Shugaban wurin wani saurayi ne, Malam Sule, ɗan birni, da baƙin tabarau da ƙaramar lasifika. An ce har ƙasar waje aka kai shi kwas kan yadda ake hutawa. Ya jera su a gaban wani babban allo ya karanta musu dokokin ɗaya bayan ɗaya. Ba a wanka, ba a wanki, ba a shayar da dabba. Ba a kamun kifi da taru ko koma, sai da ƙugiya da takardar izini, shi ma don nishaɗi. Ba a hawa itace, ba a tsinkar 'ya'yansa. Wanda duk ya zubar da shara, shi zai kwashe ta ya fita da ita.

Dattijon sashen murhu ya ce a hankali, "Wato mai jin yunwa ba zai kama kifi ba, sai wanda ya ƙoshi." Luka ya taka masa ƙafa.

Da aka gama aka ce to, a shaƙata. Jama'a suka samu inuwa suka zauna a layi, 'yan murhu gefe, 'yan fenti gefe, 'yan ɗaure kaya gefe, matansu can nesa, kowa ya zuba wa ruwa ido yana jiran jiniya. Ruwa ne iya ganinka, rana na ƙonawa, amma ko ƙafa ba a yarda ka tsoma ba. Manaja ya yi ta kai da kawo cikin gajeren wando yana cewa su saki jiki mana, ai ba jana'iza aka zo ba. Wani ya yi dariya don biyayya.

Inna kam ba ta tsaya jin doka ba. Da Isyaku ya waiga, sai ya hango ta can tana hawa tudu ita kaɗai, da sauri irin wanda rabonsa da ganin ta yi tun suna ƙauye. Ya bi ta. Ɗorawar na nan a gefen filin ƙwallo, ta ƙara girma, an shafa mata farar ƙasa daga gindi zuwa ƙugu, an zagaye ta da bencin siminti huɗu, an kafa mata ɗan gwangwani mai lamba goma sha huɗu. Inna ta dafa ta da tafin hannu. Can ta ce, "Sun sa mata farin wando." Sai ta share ido da bakin mayafi, ta shimfiɗa buhunta a ƙasa ta zauna, ta bar musu bencinsu.

Ɗorawa kuwa ta yi 'ya'ya kamar ta san mai ita na zuwa. Sun nuna sun bushe, suna reto dami-dami, in iska ta kaɗa har ƙara suke yi. A can gefe ga tarin toka da guntayen ɓawo, inda masu shara suke ƙone waɗanda suka faɗo. Inna ta kalli tokar, ta kalli sama, ta sake kallon tokar.

Bayan azahar aka raba dafa-duka da lemon kwalba. Isyaku ya kai mata nata, ko buɗewa ba ta yi ba.

"Mako biyu nan gaba ruwa zai sauka su lalace," in ji ta.

"Inna, kin dai ji doka."

"Ni na ce ka yi wani abu ne?"

Ai da ta ce ya yi, da ya fi masa sauƙi. Ya koma wurinsa ya ture tasa shinkafar gefe. Ga shi da 'ya'ya huɗu a gidan haya, ga layin masu neman aiki kullum a ƙofar kamfani, ga kuma tsohuwa mai shekara sittin zaune a gindin abinta kamar baƙuwa. Haushin kansa ya kama shi, da haushin allon nan, da na Malam Sule da tabaransa.

Aka busa usur na ƙwallo, 'yan ofis da 'yan murhu. Isyaku ba ya iya gudu, sai aka sa shi golan 'yan murhu. Manaja ne ɗan gaban 'yan ofis, kuma kowa ya san abin da ya kamata: in ya ɗauko ƙwallo sai 'yan baya su buɗe masa hanya kamar motar asibiti. Sau uku yana zuwa gaban raga yana dokawa sama. Na huɗu ya buga da ƙyar, ta gangaro a hankali ta shige hannun Isyaku, don ko yana so ya bar ta ta wuce ba ta da ƙarfin wucewa.

Isyaku ya tsaya da ƙwallo a hannu. Ɗorawar na damansa, taku talatin. Bai shirya komai ba, wallahi, ƙafarsa ce ta yanke shawara. Ya ɗaga ya doka, ƙwallo ta bi ta gefen itacen ta faɗa ciyawa. Aka yi masa tsiya, aka ce gola ya karkace kamar kwanukansa. Da ta sake zuwa hannunsa ya gyara tsayuwa ya doka da duk ƙarfinsa. Ta shige cikin ganye, aka jira ta faɗo, ba ta faɗo ba.

Ƙwallon ke nan guda ɗaya, manaja kuma bai ci ko ɗaya ba. Aka yi jifa da takalma, takalmi ɗaya ma ya maƙale. Aka kira Malam Sule. Ya je gaban allo ya tsaya ya yi nazari, ya dawo ya ce lallai doka ta hana hawa itace, amma ƙwallo kayan shaƙatawa ce, shaƙatawa kuma ita ce dalilin kafa wurin, saboda haka ya ba da izini na musamman. Ya ciro takarda ya rubuta ya sa hannu ya miƙa wa Isyaku. Ya aiki Gwadabe ya ɗauko gorar tuƙa kwalekwale. Ya ce wanda ya jefa ta, shi zai hau.

Isyaku ya tuɓe takalmi ya kama itacen. Ƙafarsa ta faɗa cikin wani ɗan rami a jikin kututturen inda ta saba faɗawa tun yana ɗan shekara goma. Yana kaiwa rassa ya ga ƙwallon zaune a wata gwafa, in ya miƙa hannu zai taɓa ta. Ya juya mata baya, ya ɗaga gora ya sauke wa reshen farko.

Ɗorawa ta zubo kamar ruwan ƙanƙara. Malam Sule ya ja da baya yana kare tabarau. Ma'aikatan kamfanin kwano kuwa, in ka ɗebe mutum biyar, duk 'yan ƙauye ne, daga Kazaure, daga Gumel, daga Damagaram, kowa ya san yadda ake kaɗe ɗorawa, ya kuma san ba haka ake neman ƙwallo ba. Suka dubi tsohuwar da ke zaune a kan buhu, suka dubi juna. Sai dattijon sashen murhu ya sa hannu a goshi ya ce, "Kamar na hango ta can reshen gabas." Isyaku ya koma gabas ya kaɗe shi tas. Luka ya ce a'a, shi a yamma ya ga ta shiga, su ma garinsu akwai irin itacen nan, yamma ƙwallo take zuwa. Haka suka yi ta yawo da shi daga reshe zuwa reshe, manaja na ɗaga kai yana cewa ga ta nan bayanka, ana ce masa ai wannan gidan tsuntsu ne, ranka ya daɗe. Sai da ba sauran abin da gora za ta kai, sannan Isyaku ya juya ya ture ƙwallon da ɗan yatsa, ya haɗa da takalmin.

Ya sauko jikinsa duk kaikayi. Ƙasa ta rufe, bencina sun rufe, har cikin filin ƙwallo. Ran Malam Sule ya ɓaci ƙwarai. Ya ɗaga lasifika, ko da yake kowa na gabansa, ya ce doka ta ƙarshe a fili take, wanda ya zubar da shara shi zai kwashe ya fita da ita, ba ya son ya ga ko ɓawo ɗaya.

Inna ta miƙe ta kakkaɓe buhunta ta buɗe bakinsa. Matan ma'aikata suka taso suna tattarawa, wasu suka kwance ɗankwali suka yi ƙunshi. Malam Sule ya ga haka ya huce ya ce, "Yauwa Inna, Allah ya yi albarka. A kwashe sharar nan duka."

Daɗi ya kama Isyaku har yana jin kamar ya yi rawa. Ga ɗorawa ta samu, ga takardar izini a aljihu, ga doka da kanta ta ce a fita da ita. Ya dubi Inna don su haɗa ido, sai ya ga fuskarta a murtuke. Ta ce wa matan su dakata. Ta sa aka juye komai wuri ɗaya, ta durƙusa ta kasa shi kashi goma, ba gaggawa, tana ɗebe wa wannan tana ƙara wa wancan. Ta zaɓi kashi mafi kyau, ta yage bakin zaninta ta ɗaure shi dami, ta ɗauka ta nufi Malam Sule.

"Yaro, ƙasar nan ta wa ce?"

"Ta gwamnati ce, Inna."

"Gwamnatin tana ina?"

Ya yi murmushi ya ce, "A nan dai ni ne wakilinta."

"To ga kason mai ƙasa. Na shekara takwas ya wuce, ba laifina ba ne, an hana ni shiga. Wannan na bana ne."

Malam Sule bai san wani kaso ba. Shi dai ya ga tsohuwa ta yi masa kyauta a gaban mutane, kuma an koya masa a kwas cewa a riƙa sakin fuska ga baƙi. Ya miƙa hannu biyu ya karɓa. Har ya zaro guda ya ɓare ya lasa, ya ce rabonsa da wannan tun yana firamare, garin ya ɓata masa leɓe da rawaya.

Inna ta juya ta ce, "Gwadabe, ka gani?"

Gwadabe ya dubi ubangidansa, ya dubi ƙasa, ya cire hula ya ce, "Na gani, Inna."

"Isyaku, ka gani?"

Ya ɗauka wani ake kira. Shekararsa talatin da shida, yau ya ji yadda sunansa yake a bakinta. Ya ce, "Na gani, Inna."

"To alhamdu lillahi," in ji ta. Ta koma ta buɗe shinkafarta da ta yi sanyi ta cinye tas, ta sha lemo.

Aka koma wasa, Isyaku ya kauce wa ƙwallo sau biyu, manaja ya ci biyu. Da aka tashi manaja ya dafa kafaɗarsa ya ce irin ma'aikatan da kamfani ke so ke nan, masu hawa sama saboda 'yan'uwansu, ranar Litinin ya je sito a ba shi langa saiti guda kyauta.

Da la'asar Isyaku ya ɗauki gorar ya mayar bakin ruwa inda kwalekwale yake. Yana dawowa ta bayan ofis ya ji muryar Malam Sule ta taga.

"Itacen nan na goma sha huɗu, dama tun bara nake tunaninsa, yau na ga zahiri. Dubi ƙazantar da ya yi. Ga shi kuma ya fara kama ƙwallo. Ka sa masa jan fenti yanzu, ranar Litinin masu zarto su zo. A dasa itacen turare a wurin, shi ba ya 'ya'ya."

"Ranka ya daɗe," in ji Gwadabe, "ai ka karɓi kaso."

"Wane kaso?"

"Na mai ƙasa. A garinmu wanda ya karɓa ba ya sarewa sai ya tambayi mai itace."

"Wane garin naku?"

Gwadabe ya dubi wajen dam. Me zai nuna, ruwa?

"Ka sa mini damin nan a bayan mota," in ji Malam Sule, "maiɗakina za ta ji daɗinsa."

Isyaku ya jingina da bango. Shekara takwas ɗorawar na tsaye ba wanda ya kula ta, sai yau da ya yi dabara. Garin neman gira ya rasa ido, kuma idon ba nasa ba. Ya yi niyyar shiga ya roƙa, sai ya tuna allon, ya tuna babu layin da ya hana hukuma sare itacenta. Ya wuce ya ɗauki buhu ya kai bas.

Motar na juyawa za ta fita, Inna na jikin taga, suka hango Gwadabe a gindin ɗorawa da gwangwanin fenti. Ya ja layi ɗaya ja a kan farin, ya ja wani ya gicciye shi, bai ɗago ya dubi bas ɗin ba.

"Ka gani ko," in ji Inna, "har alama suka sa mata, don a san ita da mai ita. Wanda ya ci ladan kuturu ai dole ya yi masa aski. Yanzu ko reshe ba zai taɓa ba sai ya aiko." Ta gyara zama ta ce, "Baɗi ka nemi gora da ta fi wannan tsawo, na can ƙololuwa duk ka bar su."

Mutumin da ya yi shekara takwas yana zarga jan alli ba ya bukatar a fassara masa. Ya ce, "To, Inna."

Litinin ta zo ta wuce. Ya karɓo langarsa ya ba Ladidi. Inna ta warke sarai, tana ci tana sha, tana ba maƙwabta labarin yadda gwamnati ta miƙo hannu biyu. Ta ɓare ɗorawar, ta daka, ta tankaɗe garin, ta wanke kalwar ta shanya a tsakar gida. Duk wanda ya shigo sai an dama masa.

Ranar da za ta dafa kalwar ta daddawa, Isyaku ya dawo daga aikin safe ya tarar ta hura wuta, tukunya na kai, kalwa na cikin ƙwarya a gefe. Ta shiga ɗaki ɗauko toka. Ya duƙa da sauri ya damƙi cikin hannu zai zuba a aljihu, sai ga ta a bakin ƙofa.

"Me za ka yi da ɗanyar kalwa?"

Ya tsaya da kalwa a hannu. Shi ma bai iya ƙarya ba, gado ne.

"Mai uwa a tsaye ba ya ɓoye iri," in ji ta.

Ta daɗe tana kallonsa, shi yana kallon siminti. Wuta na ci, ruwa ya fara tafasa. Ba ta tambaye shi komai ba. Ta tako ta durƙusa gaban ƙwaryar, ta sa hannu tana tonawa tana zaɓo manya-manya, masu sheƙi, waɗanda ƙwaro bai taɓa ba, har ta cika tafinta. Ta kamo ɗaya hannun nasa ta juye masa.

"Waɗancan da ka ɗiba rabinsu ba za su fito ba," in ji ta. "Ka jiƙa su kwana ɗaya kafin ka binne. Kuma ka nemi inda ba za a zo a zagaye da waya ba."

Ta juye sauran a tukunya, ta rufe, ta ƙara itace.